Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Hukumar NCC Kan 02 Da Aka Ƙara Wa Lambobin Wayar Girke

Zuwa ga Shugaban Hukumar Sadarwa ta Najeriya, NCC, Abuja.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa mai yawa, ina yi maka fatan alheri kai da sauran ma'aikatan hukumar, na hedikwata da na ofishin shiyya da ke nan Kano. Allah ya taya ku riƙon amanar da aka ɗora muku.

Ni mai shagon ɗab'i ne a Fagge. Sana'ata buga rasit da kalanda da katin ɗaurin aure da takardar ofis, da kuma yanka hatimi. Shekara ashirin da 'yan kai ina wannan aiki, kuma da wuya takarda ta fita daga injina babu lambar waya a jikinta. Ba wata ƙungiya ce ta aiko ni ba. Ina magana ne da yawun mutanen da ke zama a bencin ƙofar shagona: ƙananan 'yan kasuwa, masu makarantu masu zaman kansu, masu kemis, da dattawa 'yan fansho waɗanda idan waya ta gagare su sai su miƙo mini ita su ce, "Kai da ka iya boko, duba mana."

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne sauyin da hukumarku ta sanar a ƙarshe-ƙarshen shekarar 2023, cewa an ƙara 02 a gaban lambobin wayar girke na duk faɗin ƙasa. Legas ta tashi daga 01 ta koma 0201, Abuja daga 09 zuwa 0209, Fatakwal daga 084 zuwa 02084, Kano kuwa daga 064 zuwa 02064. Aka bar tsohon tsari da sabo suna aiki tare har 31 ga Disamba, daga 1 ga Janairun 2024 kuma sabon kaɗai ya rage.

Bari in fara da abin da ba ni da ja a kansa. Dokar sadarwa ta 2003 ta ba ku ikon tsara lambobin ƙasar nan, kuma lamba dukiya ce mai iyaka, dole a samu mai tattalinta. Yanzu lambar ofis da lambar wayar hannu tsawonsu ɗaya, kowacce alƙaluma sha ɗaya idan aka haɗa da sifirin farko, wannan kuwa tsari ne mai kyau. In ma faɗi gaskiya, ni sauyin gaba ta kai ni, gobarar Titi a Jos: duk wanda aka sauya wa lamba sai ya sake hatimi, ya sake takardar ofis, kuma wurin irinmu zai zo. Don haka ba asara ce ta sa ni rubutu ba. Abin da nake gani ne yake faruwa da mutanen da sanarwar ba ta kai kunnensu ba, kuma gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Na san abin da wani zai fara cewa: wa ke amfani da wayar girke a yau? Gaskiya ne, tun da wayar salula ta shigo a watan Agustan 2001 aka yi wa ta girke ritaya a gidaje. Kafin lokacin, layukan da NITEL, kamfanin waya na gwamnati, ke da su a duk ƙasar nan ba su wuce wajen 400,000 ba, a ƙarshen 2023 kuwa layukan salula sun haura miliyan 200. A unguwarmu ban san gida ko ɗaya da har yanzu tarho ke ƙara a falonsa ba. To amma a duba su wa suka rage a kan waɗannan layuka. Bankuna ne, da kamfanonin fansho, da na inshorar lafiya, da manyan asibitoci, da ofisoshin jakadanci, da kamfanonin jiragen sama, mafi yawansu kuma a Legas da Abuja. Talaka ba shi da wayar girke, amma ranar da kuɗinsa suka maƙale ko aka sace masa katin cirar kuɗi, wayar girke zai kira. Masu layin tsiraru ne, masu kiran layin kuwa mu ne duka.

Akwai wani dattijo maƙwabcina, tsohon ma'aikacin wani kamfani a Bompai, wanda kuɗin fanshonsa ke hannun wani kamfanin fansho mai hedikwata a Legas. Takardunsa duka suna cikin wata jakar leda da yake ɗaurewa da roba. A farkon 2024 wata ya ƙare bai ji alat ba. Ya ciro wasiƙar da suka ba shi ranar da ya ajiye aiki, ya kwafi lambar da ke ƙasanta mai farawa da 01, ya buga. Muryar na'ura ta ce lambar ba daidai ba ce. Ya ɗauka shi ne ya yi kuskure, ya sa tabarau ya sake bugawa. Ya ba jikansa ya buga. Kwana uku yana wannan. A rana ta huɗu ya zo shagona tun kafin in gama buɗe ƙofa, ko gaisawa ba mu yi sosai ba ya ce, "Ɗana, mutanen nan sun gudu da kuɗinmu. Sun rufe waya."

Na ce, "Baba, kawo in gani." Na duba takardar, na danna 02 a gaba, na sa a sifika. Sai ga kiɗan jira da muryar mace tana yi mana maraba. Baba ya yi shiru yana kallon wayar, sannan ya ce, "To me ya hana waccan ta farkon ta gaya mini haka?"

Tambayar Baba ita ce ƙorafinmu na farko, kuma ita ce mafi girma. Idan mai shago ya tashi daga Kantin Kwari ya koma wani layi, yakan liƙa takarda a tsohuwar ƙofa ya rubuta inda ya koma, ko ya bar wa maƙwabci sallahu. Tsohuwar lamba kuwa an kulle ta ne kawai. Na'urar da ta iya gane cewa an buga 01 ko 09 ko 064, har ta ce ba daidai ba ne, ita ce kuma za ta iya cewa, "An sauya wannan lamba, a ƙara sifiri da biyu a gaba a sake kira." Jimla ɗaya ce. Rashinta ya sa dattijo mai hawan jini ya kwana uku yana zaton guminsa na shekara talatin ya tafi. Kuma wa ya san adadin waɗanda ba su da maƙwabcin da zai duba musu, suka haƙura, ko suka biya kuɗin mota zuwa reshe don tambayar da za a amsa cikin minti biyu?

Labarin Baba bai ƙare a nan ba. Ma'aikaciyar ta ce akwai wani bayani nasa da ake so a sabunta, za a kira shi. Bayan kwana biyu aka kira shi sau uku, sau uku yana katsewa. Da na tambaye shi dalili sai ya nuna mini wayar: lamba ce mai farawa da 0201. Ya ce jikansa ya gargaɗe shi kada ya kuskura ya ɗauki baƙuwar lamba, 'yan damfara ne. Jikan bai yi laifi ba. Shekaru ana koya wa mutane a rediyo da masallatai cewa su yi hattara da lambar da ba su saba gani ba, sai ga shi rana ɗaya lambobin bankuna da kamfanonin fansho duk sun zama baƙi.

Akwai ma wani ruɗani da nake zaton ba a hango shi daga Abuja ba. Lambar ƙasar Masar ita ce 20, kuma lambobin wayar hannu na can da 1 suke farawa, don haka kira daga Alƙahira yakan fito da 201 a farko. Mutanen Kano suna da 'ya'ya da yawa masu karatu a Azhar, suna da marasa lafiya da ke zuwa asibitocin can. Na ga uwa ta tarar da kiran da ta rasa daga 0201, hankalinta ya tashi tana cewa ɗanta ne daga Masar, lallai wani abu ya faru, alhali wani ofishi ne a Legas. Dattawan da suka yi zamanin NITEL kuma sun san 02 a matsayin lambar Ibadan, wadda yanzu ta zama 0202. Wani ɗan kasuwa ya taɓa ce mini shi ba shi da hulɗa da kowa a Ibadan, me zai sa ya ɗauka.

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Mutumin da bai san da wace lamba bankinsa ke kira ba, ba shi da ma'aunin da zai bambance na gaskiya da na ƙarya. Ɗan damfara zai kira da wayar hannu ya ce, "Ai ka ji an sauya lambobinmu, wannan ce sabuwar, karanto mini lambar da aka turo maka." Rabin maganarsa gaskiya ce, an sauya ɗin, kuma wannan rabin shi ke sa a yarda da sauran. Wanda ya ji ƙishin-ƙishin ɗin sauyi bai ji cikakken bayani ba ya fi wanda bai ji komai ba shiga haɗari.

Ƙorafi na gaba ya shafi yadda aka faɗi abin. Sanarwar ta ce lamba ta tashi daga alƙaluma takwas zuwa goma. A lissafin injiniya haka ne, domin ba ya ƙirga sifirin farko. Amma mai waya a hannu idan ya ƙirga abin da yake dannawa, tara zai gani a da, sha ɗaya a yanzu. Na ga wanda ya ƙirga ya ga sha ɗaya, ya ɗauka ya yi ƙari, ya goge ɗaya.

Wannan ƙarami ne idan aka kwatanta da abin da ya samu na ƙasashen waje. "A ƙara 02 a gaba" daidai ne ga mai kira daga cikin gida. Ga wanda ke Jidda ko Yamai ko Landan kuwa, wanda ya ajiye lamba da +234 a farko, wannan umarni ɓatar da shi zai yi. Wani abokin cinikina mazaunin Jidda an rufe masa asusu, yana neman bankinsa, aka ce masa ya ƙara 02. Ya gwada +234 021, ya gwada sa 02 kafin 234, ya gwada +234 0201, kowanne da irin amsar da yake samu, har ya gaji ya turo mini saƙon murya yana faɗa kamar ni na sauya. Abin da ya kamata ya danna shi ne +234 201. Ainihin abin da aka yi, 20 aka cusa tsakanin sifirin farko da lambar gari: 0 da 1 suka zama 0, 20, 1, haka 0 da 64 suka zama 0, 20, 64. Daga waje ana jefar da sifirin, sai a samu +234 201 don Legas, +234 209 don Abuja, +234 2064 don Kano. Da haka aka bayyana shi tun farko, da bayani ɗaya ya wadatar da na gida da na waje. Mutanenmu da ke Saudiyya da Sudan da Ghana da Nijar suna da asusu a bankunan gida, suna turo kuɗi, suna neman takardu a ofisoshi, kuma kiransu da tsada yake.

Yanzu in zo ga fannin da na fi sani, wato takarda. Wa'adin da aka bayar 'yan watanni ne. A wurin kamfanin waya wannan ya isa, gyara ne a kwamfuta. Amma lamba ba a cikin na'ura kaɗai take zaune ba. Tana jikin allon ƙofar asibiti, tana kan kwalin magani, tana gefen motar kamfani, tana cikin kalandar da aka buga tun Oktoba don shekara mai zuwa, tana bayan katin cirar kuɗi. Wannan na ƙarshen shi ya fi damuna. Katin banki yakan yi shekara uku ko fiye kafin ya ƙare, kuma lambar da ke bayansa ita ce aka ce ka kira cikin gaggawa idan an yi maka kutse. Duk katin da aka buga kafin sauyin da lambar 01 a bayansa, matacciyar lamba yake ɗauke da ita, kuma mai katin ba zai sani ba sai a daren da yake ganin kuɗinsa suna fita.

A shagona, wani mai makaranta ya zo da kwalaye biyu na littafin rasit da na buga masa 'yan watanni kafin sanarwar. Ba shi da halin sake bugawa, ga kuɗin takarda ya yi tashin gwauron zabo. Sai muka yi dabara: na buga sabuwar lambar a kan takarda mai gam, layi-layi, yarana biyu suka zauna da reza da rula suna yankawa siri-siri kamar taliya, suna liƙawa a kan tsohuwar, shafi bayan shafi. Kwana biyu suka yi a kai, yatsunsu duk gam. Shi wannan ya damu ya gyara ke nan. Da yawa ba su gyara ba, har yau kuma ana kawo mini aiki da 064 a jiki, in ce a gyara, mai aikin ya ce, "A bar shi haka, ai haka yake tun zamanin mahaifina." Wani ma layin nasa ya daɗe da mutuwa, yana son lambar ne kawai don tana nuna kamfanin ya daɗe. Haka abin yake a intanet: ka nemi wani ofishi a taswirar Google ko a shafinsa, ka tarar da tsohuwar lamba tana nan daram.

Ina da wani ɗan littafi na marigayi mahaifina, mai baƙin bango, inda yake rubuta lambobin abokan cinikinsa. Bai rubuta sunan gari a gefen ko ɗaya ba, don ba ya bukata. 062 Kaduna ce, 069 Zariya, 065 Katsina, 060 Sakkwato, 073 Jos, 077 Bauchi, 076 Maiduguri. Mutanen wancan zamani sun haddace su kamar karatun allo, kuma irinsu ne 'yan fanshon yau. Mutum ba ya sauke haddar shekara arba'in saboda sanarwa ɗaya da ta fito a jaridar Turanci. Sai an maimaita masa, cikin harshensa, a inda yake saurare.

Kuma hukumarku ta nuna ta iya wannan. A watan Mayun 2023 kun haɗe gajerun lambobin kamfanonin waya suka zama iri ɗaya: *310# don duba kuɗi, *311# don sa kati, *312# don sayen data, 300 don kiran masu kula da abokan hulɗa. Kafin nan mai MTN *556# ya sani, mai Airtel *123#, kowa da nasa. An yi 'yan gunaguni, amma cikin ɗan lokaci har tsohuwar da ke sayar da ƙosai a bakin layinmu ta iya *310#. Dalili kuwa a fili yake: saƙo ya shigo wayar kowa, masu sayar da kati sun zama malamai, kuma abu ne da ake yi kullum. Lambar wayar girke ba a kiranta kullum. Sau ɗaya ko biyu ne a shekara, ranar matsala. Saboda haka ita ce ta fi bukatar a yi ta nanatawa, don ba za a koye ta ta hanyar sabo ba.

Wani abu makamancin wannan yana faruwa da sababbin lambobin wayar hannu. Da 0803 da 0802 da 0805 suka cika aka buɗo na 070, aka zo na 081, aka zo na 090, yanzu ga 0913 da 0916 da 0912 da 0915 da 'yan uwansu. Wannan ba makawa, jama'a na ƙaruwa. Amma sau da dama yaro zai zo shagona cike fom na makaranta ko neman aiki a intanet, ya sa sabon layinsa, shafin ya ce lambar ba ta inganta ba, saboda wanda ya gina shafin bai sabunta jerinsa ba. Sai yaron ya ari lambar wani ya sa, daga nan duk saƙon da za a turo masa ya tafi wayar da ba tasa ba. Haka wasu shafukan ke yi wa sababbin lambobin wayar girke masu farawa da 020. Sannan tun da aka fara sauya kamfani ba tare da sauya lamba ba a watan Afrilun 2013, farkon lamba ya daina nuna kamfanin da take, amma har gobe mutane na saye da kira bisa tsohon zato. Ga kuma 0700 da 0800, waɗanda da yawa ke ɗauka duk kyauta ne, alhali 0800 ce kyauta, 0700 kuwa mai kira ke biya, yana sauraron kiɗan jira katinsa na zurarewa. Tun da aka amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari na kuɗin kira a Janairun 2025, kowane minti na wannan jira ya ƙara nauyi.

Ba mu kaɗai muka sauya lamba ba. Kamaru ta koma alƙaluma tara a 2014. Kodebuwa ta koma goma a ranar 31 ga Janairun 2021, kuma a can sauyin ya shafi kowace waya, har kamfanoni suka fitar da manhajojin da ke gyara lambobin da mutum ya ajiye. Jamhuriyar Benin ta ƙara 01 a gaban lambobinta a ranar 30 ga Nuwamban 2024, abin da dillalan motocinmu masu hulɗa da Kwatano suka gane bayan sun yi ta kira ba ya shiga. Na kawo waɗannan ne don in ce ranar da za a taɓa lambobin wayar hannu a Najeriya tana iya zuwa. Idan sauyin da ya shafi layuka 'yan kaɗan ya bar wannan ƙura, ina ga wanda zai shafi kowa?

Don haka, ranka ya daɗe, ga abin da muke roƙo.

Kafin komai, a umarci dukkan kamfanonin waya su sa saƙon murya a kan tsofaffin lambobin gari. Duk wanda ya buga 01 ko 09 ko 064 ko wata tsohuwar lamba, a gaya masa an sauya, a gaya masa abin da zai ƙara, kuma kada a cire masa ko kwabo. A yi shi da Hausa da Yarabanci da Ibo da Turancin buroka, ba Turanci kaɗai ba, tunda kamfanonin sun riga sun iya yi mana tallar data da waɗannan harsuna. Kada kuma a sa masa wa'adin wata uku. A bar shi muddin akwai katin banki da kwalin magani da wasiƙar fansho masu ɗauke da tsohuwar lamba a hannun mutane, wato shekaru.

Muna roƙon ku zauna da Babban Bankin Najeriya da hukumar fansho ta ƙasa da ma'aikatar lafiya, a wajabta wa bankuna da kamfanonin fansho da asibitoci su tura wa kowane abokin hulɗarsu saƙo mai ɗauke da abu biyu: lambar da zai kira su, da lambar da su za su kira shi da ita. A liƙa wannan a ƙofar kowane reshe da jikin kowace na'urar cirar kuɗi. Layin da ake kira don toshe katin da aka sace kuwa, ya dace a ce na kyauta ne.

A koma rediyo. Ba a makara ba. Rediyon Tarayya na Kaduna, da Rediyon Kano, da Freedom, da Rima a Sakkwato, da takwarorinsu na sauran jihohi, su ne jaridar mutanen da nake magana a madadinsu. Minti ɗaya bayan labaran safe, na 'yan makonni, da misali ƙarara na mai kira daga gida da mai kira daga waje, zai yi aikin da sanarwa goma a jarida ba su yi ba. A haɗa da Fulatanci da Kanuri. A cikin wannan minti ɗin a tuna wa jama'a cewa 622 ita ce lambar kai ƙorafi ga hukumarku kuma kyauta ce, domin a bencin shagona waɗanda suka san da ita ba su da yawa.

Duk lokacin da kuka ba wani kamfani sabon rukunin lambobi, a sanar da jama'a kafin layukan su shiga kasuwa, a kuma aika wa hukumomin jarrabawa da bankuna da ma'aikatun da ke karɓar fom ta intanet su gyara shafukansu. Idan da hali, a samar da wata gajeriyar lamba da mutum zai tura wa lambar da ta kira shi, a ba shi amsa ko ta ofishi ce mai rajista, da garin da take. Nan gaba kuma idan za a sake irin wannan sauyi, a ba da sanarwar shekara guda cur, a kuma tuna cewa masu kalanda da littafin rasit tun watan Satumba suke fara buga na shekara mai zuwa.

Roƙona na ƙarshe ƙarami ne. Ku fitar da jadawali mai shafi ɗaya, da tambarin hukuma a kai, mai ɗauke da sunan kowane gari, tsohuwar lambarsa, sabuwar, da yadda ake kiranta daga ƙasar waje, da Hausa, da boko da ajami. Na so in haɗa da kaina, amma takardar da ba ta da tambarinku ba za a yarda da ita ba, kuma ina tsoron in yi kuskure a garin da ban sani ba in ɓatar da wani. Idan kun fitar, ni zan buga kwafi dubu da takardata da tawadata, yarana su raba a Kantin Kwari da Singa da kasuwar waya ta Farm Centre da ƙofar masallacin Juma'a na Fagge. Kwafin farko na Baba ne, ya ce zai sa a cikin jakar ledarsa.

Allah ya ƙara wa shugaba lafiya, ya yi riƙo da hannunku. Wassalam.

Naku,
Wani mai shagon ɗab'i,
Fagge, Kano.